Shekara tara bayan Yaya Rakiya, kotu ta gaskata ta

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rakiya. A watan Safar ta cika, da rana tsaka, a wani ɗaki mai taga ɗaya a unguwar Rusaifa ta Makka, ni da 'yarta muna zaune a gefenta. Duk shekara in watan ya kama nakan yi mata sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin a bana ne kotu ta ɗaure mutumin da Rakiya ta tona wa asiri tun 'yarta tana ƙarama, jama'armu suka ce sharri take yi masa.

'Yar tata ta yarda in rubuta wannan, da sharaɗin in sauya mata suna. Zan kira ta Amal. Shi kuwa mutumin ba zan ambaci sunansa ba, saboda yana da jikokin da ba su yi wa kowa komai ba. Yaran unguwa Ammu suke ce masa, kamar yadda ake kiran baffa a nan.

Kakanninmu daga ƙasar Kano suka taso, suka biyo ta Sudan, suka sauke farali suka zauna. A Makka aka haife mu, a wata unguwa ta kan tudu inda gidaje ke manne da juna, in ka yi tari maƙwabci ya ce maka sannu. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama, Rakiya ce ta raine ni. Doguwa ce, mai ƙarar dariya, hannunta kuma akwai daɗin girki. Lokacin Hajji ita ke jagorantar matan layinmu zuwa Mina, mu dafa wa alhazai abinci a tukwanen da mutum zai iya zama a ciki.

Wanda bai zauna a Makka ba ba zai gane yadda unguwa irin tamu take komawa a kwanakin Hajji ba. Maza sun tafi dako da tuƙi da rakiyar alhazai, mata sun tafi girki. Layi ya yi tsit, sai tsofaffi da yara. Dole a bar yaran a hannun wani. Ammu yana da shago a bakin layi, ba ya zuwa Mina saboda ciwon ƙafa, gidansa kuma da faɗi. Shi ake kira in ma'aurata sun saɓa, sahun farko ba ya wuce shi. Matarsa ma tare da mu take tafiya. Shekara da shekaru muna kai masa yaranmu, muna yi masa godiya, har da tsarabar nama in mun dawo.

Amal tana da shekara takwas ta sauya. Yarinyar da ba ta rufe baki ta koma ba ta magana. Ta daina cin abinci sosai, in an aike ta shago sai ta zagaya ta wani layin mai nisa. Rakiya ta zaci iska ce, ta kai ta wurin masu ruƙiyya, ba abin da ya sauya. Da Hajji ya sake zagayowa muna ɗaure kaya, yarinyar ta zo ta rungume ƙafar uwarta.

"Ummi, ki tafi da ni. In ba za ki tafi da ni ba, ki kulle ni a ɗaki."

Ina tsaye a wurin. Rakiya ta dube ta, ta ce in wuce da sauran mata, ita tana tafe. Ba ta zo ba. Abin da yarinyar ta gaya mata ranar ba zan sa shi a jarida ba. Ya ishe ku ku sani cewa mutumin da aka ba amana ya keta mutuncin yarinya 'yar shekara takwas, ya kuma tsoratar da ita cewa in ta faɗa, uwarta ba za ta dawo daga Mina da rai ba.

Bayan Sallah Rakiya ta je wurin dattawan unguwa. Suka saurare ta kai a sunkuye, sannan suka yi mata maganar rufin asiri. Suka ce wa zai auri yarinyar in magana ta fita. Suka tuna mata cewa in hukuma ta shigo layin nan, akwai gidajen da takardunsu na zama ba su cika ba, mutanen da suka zo ta Chadi, an haifi 'ya'yansu a nan, ba su san wata ƙasa ba. Wannan maganar ce ta ɗaure mata ƙafa. Mijinta, direban bas, Allah Ya jiƙansa, ya yarda da 'yarsa, amma ya roƙe ta da hawaye kada ta kai ƙara. Ba ta kai ba, kuma har ta mutu tana tambayar kanta ko ta yi daidai.

Abin da ta yi shi ne ta sa abayarta ta bi gida gida. Ba ta ambaci 'yarta ba, ko da yake kowa ya gane. Ta ce wa kowace uwa, "Kada ki ƙara barin yaranki a gidan can. In kin rasa wurin kai su, kawo mini." Daga shekarar ta bar aikin Mina, aikin da shi ne rabin abincin gidanta, ta zauna tana tsaron yara.

Abin da ya biyo baya ne har yau yake ci mini rai. Aka daina gayyatarta biki da suna. In ta shiga taron mata sai hira ta mutu. Wata ta taɓa ɗauke kofin shayinta daga kusa da ita. Amma da Hajji ya zo, sai ga iyayen nan suna turo yaransu ƙofarta da ƙunshin tufafi, su kansu ba sa shigowa, ba sa ko sallama. Ta karɓi yaran, ta ciyar da su, ta kwana a bakin ƙofa. In an dawo daga Mina a aiko a kwashe su, a ci gaba da gaishe da Ammu a bakin shagonsa. Ba kowa ne ya kawo mata ba. Wasu gidajen sun ci gaba da kai nasu can.

Daga baya aka rushe unguwar, kowa ya kama gabansa. Mu muka dawo Rusaifa. Mijinta ya rasu, ciwon ƙoda ya kama ta. Dariyar nan tata ta daɗe da tafiya kafin ita ta tafi. A kwanakin zaman makoki kujerun mata rabinsu babu kowa. A ɓangaren maza kuwa, wani ɗan'uwanmu ya gaya mini Ammu ya zo da sandarsa, ya sha gahawa, ya yi mata addu'a da babbar murya, aka amsa masa da amin.

Shekara uku da suka wuce wata mata ta je wurin hukuma da ƙafarta. Ɗaya ce daga yaran gidajen da suka ƙi jin maganar Rakiya. Ta girma, ta haifi 'ya mace, ta ce ranar da 'yar tata ta kai shekarun da ita take a lokacin, sai barci ya ƙaurace mata. Bayanta wasu suka fito. Amal, wadda yanzu malama ce a makarantar 'yan mata, ta zo ta same ni ina wanke shinkafa. Khala take ce mini, kamar yadda ake kiran inna a nan.

"Khala, ni ma zan je."

"Kin gaya wa mijinki?"

"Na gaya masa. Ya ce zai kai ni. Na ce ke nake so ki zauna kusa da ni."

Shari'ar ta ɗauki lokaci. An ɗage zama, an sake ɗagewa. Ni ba na shiga, nakan zauna a wurin jiran mata in riƙe mata jaka. Sau ɗaya na hango shi ana tura shi a keken marasa lafiya, ya tsufa ya kankance, gemunsa fari fat. Na nemi tausayi a zuciyata ban samu ba, na nemi farin ciki shi ma ban samu ba. Ranar hukunci Amal ta fito ta zauna kusa da ni.

"Khalas, Khala, shi ke nan," ta ce. "Alƙali ya ce laifin ya tabbata. An ɗaure shi."

Shekarun da aka yanke masa, ga mai shekarunsa, da wuya ya sake ganin waje. Sauran matan kowace ta rungumi mahaifiyarta. Amal ta dube su, ta karɓi jakarta ta ce mu tafi.

Nakan zauna in yi tunanin me Rakiya za ta ce da ta ga wannan zamani. Da ta ga 'yarta ta tuƙa mota da kanta zuwa kotu, ta tsaya gaban alƙali ta yi magana ba wanda ya ce ta rufe baki, na san da sai ta riƙe haɓa. Amma ban jin za ta yi guɗa. Na san ta. Tambayar da za ta fara yi ita ce yara nawa aka cuta bayan ranar da ta faɗa. Sannan ta tambayi halin da matarsa take ciki, domin sun yi shekaru suna juya tukunya ɗaya a Mina, kuma ba ta taɓa ɗora mata laifi ba.

Da labari ya bazu, wayata ta fara ƙara. Mutanen da rabona da jin muryarsu tun kafin a rushe unguwa. Wata tsohuwa daga cikinsu, Hajiya Talatu, ta sa jikanta ya kawo ta har gida. Ta zauna a bakin kujera tana murza carbi.

"'Yar nan, yayarki gaskiya ta faɗa. Tun lokacin mun sani."

"Kun sani, Hajiya?"

"Mun sani mana. In ba mu sani ba za mu kai mata yaranmu?"

Na zuba mata shayi. Duk shekarun nan ina lallashin kaina da cewa jahilci ne, ba su yarda ba ne. Ashe sun yarda. Sun dai ga ya fi sauƙi su bar mace ɗaya ta ɗauki abin ita kaɗai. Ta nemi gafara, na ce mata wadda za ta yafe ba ta nan, ni kuma ba a bar mini wannan wasiyya ba.

A makon da ya wuce na ce wa Amal ta kai ni maƙabarta. A nan mata ba ma shiga, kaburbura kuma ba su da suna, ko ɗan'uwanmu da ya sa ta a rami ya ce ba zai iya nuna wurin ba yanzu. Muka tsaya a jikin katanga, motoci suna wucewa. Amal ta yi addu'arta da Larabci, domin Hausarta ba ta da nisa. Ni kuwa na sauke gilashin mota na ce, "Yaya, an gaskata ki." Ba wanda ya juyo.

Rakiya ba ta bar gida ba, unguwar da ta yi wa wannan hidima ma babu ita. Yaran da ta tsare sun girma sun watsu a Makka da Jidda. Nakan haɗu da wasunsu a kasuwa, mata da 'ya'yansu, suna ciniki suna dariya. Wasu sukan gane ni su gaishe ni, su ce suna tuna wata Khala mai ba su shinkafa da wake lokacin Hajji, mai hana su leƙa waje. Sunanta ma ya ɓace musu. Ba su san abin da bai same su ba, kuma ban taɓa gaya musu ba. Nakan amsa gaisuwar, in tsaya ina kallonsu har su shige cikin mutane, sannan in koma gida ni kaɗai.

Allah Ka ji ƙan Rakiya, Ka ba ta maƙwabtan da suka fi mu.