Kawu Bawa da Akori-kurarsa

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Mafara ya san Kawu Bawa, ƙanin mahaifiyata, ba ya tayar da akori-kurarsa sai ya gaishe ta. Wallahi gaisuwa! Zai ɗaga bonet, ya zaro sandar duba baƙin mai, ya goge a gefen rigarsa, ya mayar, ya sake zarowa, ya murza man a yatsa ya shinshina kamar mai sayen turare. Daga nan ruwan lagireto, man birki, kan batir, sannan ya zagaya tayoyi yana yi wa kowace shuri. Har rigarsa ta Juma'a da baƙin tabo a ƙugu. In ka ce ana sauri, amsa ɗaya ce: "Dakata in ji lahiyatta."

Ku tambayi matarsa, Inna Hajo. Har yau in ta tuna sai ta ja tsaki. Suna ƙauyen Ruwan Gizo lokacin girbin gero naƙuda ta kama ta. Mata suka tallabo ta suka sa a gaban mota, Kawu kuwa ya nufi bonet.

"Malam, mutuwa nika yi!"

"Yi haƙuri Hajo, fambel ya saki. In ya tsinke cikin daji wa za ya amshi haihuwa? Ni?"

Sai da ya ɗaure shi tamau. A barandar asibiti aka haifi yarinyar, ko gado ba a kai ba. Ungozoma ta yi masa tatas, ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Amma dai mota ba ta tsaya ba." Saratu aka raɗa wa jaririyar. Yanzu 'ya'yanta huɗu, amma a danginmu Fambel ce sunanta.

Sai ranar da za a kai gara Maradun. Alhaji Mudi mai shagon yadi ya zo da sabuwar jif yana ta hura hanci. Ya dubi Kawu durƙushe gaban taya ya ce, "Bawa, wanga gwangwanin za ya kai kuwa, ko a nemo jakkai?" Aka yi dariya, ya tayar mana da ƙura ya wuce. Ba mu yi nisa ba sai ga jif a gefen hanya tana tururi kamar tukunyar dambu, a wurin da ba mai son tsayawa a zamanin nan. Kawu ya sauko a natse.

"Alhaji, ina gajiya? Ina iyali? Ya kasuwa? Ya muka ji da zahi?"

"Bawa, don Allah bar gaisuwar nan!"

"Yaushe rabonka da duba ruwa?"

"Ai sabuwa ce!"

"Jinjiri ma sabo na, kuma yana sha."

Gaban mota ya cika da tsofaffi, don haka a bodi aka ɗora Alhaji da babbar rigarsa, tsakanin buhunan gyaɗa, riƙe da igiyar tunkiya. Ranar kasuwar Maradun ce. Akwai hanya ta bayan gari, amma Kawu ta tsakiyar kasuwa ya bi, a giya ɗaya, yana danna ham.

Ni ma ban tsira ba. Da damina na shirya kai matata da yara Bakura gaida surukai. Na fito da safe na tarar da motata a kan duwatsu, babu ɗaya daga cikin tayoyin gaba. Na yi ta ihun ɓarayi! Wata maƙwabciya ta ce in leƙa zauren Kawu. Ga shi nan zaune a kan tayata yana shan koko.

"Kawu, sata?"

"Sata. Kai ni ga alƙali." Ya juya ta ya nuna mini: ta suɗe sumul kamar tafin hannu, har waya ta leƙo. "In kai ka gaji da duniya, Garba, tahi kai ɗai. Jikokina mi sunka yi maka?"

Kwana uku ba na gaishe shi. Da na sayo sabuwa, sai ya aiko mini da ƙunshi. Na buɗe: takalman taya ne, an yanko daga tsohuwar. Saƙon da ya biyo shi ne, wai yanzu ina iya taka ta har Bakura.

Abin haushin, mutumin nan da ba ya barin baƙin mai ya wuce wa'adinsa, shi kansa bai yarda a duba shi ba. Likita ya ce hawan jini, Kawu ya ce likitan ne ke hawa masa kai. Bayan rasuwarsa muka buɗe akwatin sifanu, sai ga magungunansa a ƙasa, ko ƙwaya ɗaya bai ɓalla ba. Saratu ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Ranar uku wani makiyayi da ba wanda ya sani ya zo ta'aziyya daga Dosara. Ya ce Kawu ya taɓa tare motar haya a tasha, ya hana ta tashi sai da aka ɗaure notocin taya da suka kwance, shi da iyalinsa duka suna ciki. Da akori-kurar ya san shi, sunan Kawu ma sai ranar ya ji.

Allah Ya jiƙan Kawu Bawa, Ya yafe masa taurin kansa, Ya haskaka makwancinsa. Ya ba Inna Hajo haƙuri, don duk tsakin nan, ita ta fi kowa kewarsa.