Takabar da sunan jirgi ya jawo mana

Ban taɓa ganin teku ba har yau da tsufana. Amma wani jirgin yaƙi na Faransa ya kashe wa wana aure, muna zaune a ƙauyenmu na Kurfai, inda babban ruwanmu shi ne tabkin damina.

Nasara sunka ɗauki wana soja bayan girbi, ya bar matarsa wata bakwai da aure. Shekara ta kewayo ba labari. Sai wata ranar kasuwar Filinge anka miƙo mini takarda daga gidan waya. Lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba, na kai wa mai karanta wa mutane a bakin kasuwa. Ya ce wana na gaishe mu, yana lafiya, ana kai su wata ƙasa Indoshin cikin jirgin ruwa na yaƙi, ya faɗi sunan jirgin. Na riƙe sunan a baki ina maimaitawa har gida, kada ya zube mini a hanya.

Gida ya cika da masu barka. Cikinsu har da Sarjan, tsohon sojan garinmu da ya yi yaƙin Jamus, mutumin da ba a taɓa kamawa da ƙarya ba. Na faɗi sunan jirgin ina taƙama. Goro ya suɓuce masa daga hannu.

"Ke ɗiyata, sake hwaɗi."

Na sake.

"Wanga jirgi ya nutse."

"Yaushe, Baba? Takardar ba ta yi wata biyu ba!"

"Tun ba ki iya daka ba. Ina cikinai. Da idona na ga ya tada gindi sama ya shige. Kaɗan daga cikinmu anka tsamo."

Na ce masa tsufa ne ya ruɗa shi, a gaban kowa, don ni bakina bai da murfi. Ya ɗaga riga ya nuna mana ƙunar da ta cinye masa haƙarƙari. Inna ta dubi takardar da ke hannuna kamar na riƙo kunama, ta ce, "To wa ya rubuto ta?"

Dattawa sunka yi shawara. Jirgi na ƙasan ruwa shekara da shekaru, mutum ya ce yana cikinsa, ai wannan ba ya cikin masu rai. Inna ta kai baƙar kaza wurin masu bori, iskar da ta hau ta ce yaro na tsakiyar ruwa. Wani malami a Filinge ya ce a dakata. Munka dakata damina biyu, wata takarda ba ta zo ba. Anka yi sadaka. Ni da hannuna na kwance wa matar wana kitso ta shiga takaba, tana kuka tana cewa jikinta bai ba ta ya mutu ba. Na daka mata tsawa, na ce jikinta ya fi Sarjan sani? Bayan ta fita, wani manomi na Bonkuku ya aure ta.

Damina ta huɗu bayan zuwan takardar muna noman maimai a gona, sai ga mutum da kaki da akwati a ka, tsaye a bakin iyaka.

"Inna, ba ku gane ni ba?"

Inna ta saki hauya ta zube. Ni na damƙi ƙasa na watsa masa, in gani ko zai ɓace. Ya kakkaɓe fuska ya ce, "Ke har yanzu ba ki bar hauka ba?" Ya yi dariya, ya waiga dama da hagu. "Ina matata?"

Ni na faɗa masa, don kowa ya sunkuyar da kai. Da na kai kan sunan jirgin, ya zauna bisa akwatinsa.

"Wancan daban ne. In jirginsu ya mutu, sai su ƙera sabo su raɗa mishi sunan. Namu ma ba shi ne na biyu ba."

Ni kaina sunan kakata gare ni, shi ya sa Inna ba ta taɓa kirana da shi ba. Kullum muna mayar da sunan matattu ga jarirai, amma duk garin ba wanda ya kawo a ransa ƙarfe ma ana yi masa haka. Da labari ya kai wa Sarjan, ya zo ƙofar gidanmu ya durƙusa, tsoho da furfura yana kuka kamar ɗan yaye. Bai yi ƙarya ba, kuma iska ma ba ta yi ba.

Washegari wana ya taka da ƙafa har Bonkuku. Ya iske matar tana surfe da ɗa a baya. Abin da sunka ce wa juna bai taɓa faɗa mana ba. Da ya komo ya buɗe akwati, ya fito da zanen da ya sayo mata, ya ajiye mini a cinya.

Sai da na yi jika na shiga karatun manya, ana yi mini dariya. Na ce kowa ya yi ta yi, ba wanda zai sake karanta mini takardar gidanmu. Zanen kuwa yana nan a ƙasan adakata da ninkinsa na farko, ban taɓa ɗaura shi ba.