Ceɗiyar da Baba Nomau Ya Dasa Inda Babu Sawu

Ranar Talata da hantsi ina bayan magazata, inda nake ajiye gyaɗa, da igiyar awo a hannu, ina auna inda kamiyo, babbar motar gyaɗa, zai riƙa juyawa idan an sare ceɗiyar da ta tare masa hanya, sai ga Tanimu masunci, ƙanen Baba Nomau. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Isuhu, yayana ya cika. Bayan azahar za a kai shi." Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na faɗi haka, na naɗe igiyata. Amma abin da ya fara zo mini a rai, Allah Ya gafarta mini, tambaya ce: ashe tsohon nan zai tafi bai gaya mini dalilin ceɗiyar nan ba? Shi ya dasa ta. Shekara goma sha bakwai ina tambayarsa, kuma na riga na yi magana da masu gatari.

Waɗanda ba su san shi ba za su ji an ce wani mai garka ya rasu a Madarumfa, su yi addu'a su wuce. Gaskiya ne, mai garka ne. Albasa da tumatir yake nomawa a bakin tafki, bai taɓa riƙe alƙalami ba. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a inuwar kasuwarmu, ko ya ɗaure jakinsa a gindin tsamiyoyin hanyar Ɗan Isa, a cikin aikin Baba Nomau ya zauna. Ni ne shaida, domin a kaina aka yi.

Ni ɗan masunta ne, ban gaji gona ba, ban gaji sarauta ba. Abin da nake da shi yau, bayan ikon Allah, hannuna ne ya kawo shi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na yi lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, na ƙara shekara uku a Yamai, na dawo da Faransanci a baki da hular kwano a ka. Aikina na farko shi ne bin wani bature mai kula da daji. Da aka ce za a gyara filin kasuwa, ya zana mini takarda: layi biyu na maɗaci a miƙe, kowane itace taku goma daga ɗan'uwansa. Ya ce zai dawo bayan damina ya gani, in abin ya yi kyau aikin ya zama nawa. Cikin ma'aikatan da hakimi ya ba ni har da Baba Nomau.

Ranar da na ja igiya, ya tsaya yana kallona kamar mai kallon wasa. Ya ce, "Ɗan lakwal, wanga mai takarda ya taɓa cin kasuwa nan?" Na ce takarda ba ta bukatar cin kasuwa. Ya ce, "To madalla. Jakuna sun iya karatu?" Aka yi dariya, na haɗe rai, muka dasa yadda takarda ta ce, muka kewaye kowane dashe da ƙaya. Kasuwa uku kawai aka ci. Matan da ke ɗauko ruwa daga tafki suka buɗe ƙofarsu ta tsakiyar layi, jakunan gero suka buɗe tasu, shanun Fulani suka gama da sauran. Rabin dashen ya kwanta.

Ban je wurinsa ba, girman kai bai bar ni ba. Shi ya zo. Bai ce mini komai game da igiya ba, har ya bar duniya bai taɓa tuna mini ba. Cewa ya yi in fito da asuba ranar kasuwa. Na tarar ya ɗaure rassan sabara, yana jan su a kan rairayi daga wannan gefe na fili zuwa wancan, har ƙasa ta kwanta sumul. Sai ya koma garkarsa. Da la'asar, bayan an watse, ya kira ni muka zagaya. Ya nuna mini inda ƙafa ta daka ƙasa ta zama turba, ya ce nan ba a dasa komai. Ya nuna inda sawu ya yi ta juyawa wuri guda, ga ɓawon gyaɗa ga tofin goro, ya ce nan mutane ke tsayawa ciniki, nan ke son inuwa. Inda kashin jaki ya taru ya ce tsamiya, don jaki bai cika damunta ba in ta kama. Kasuwa uku muna haka. Maganarsa a kullum ita ce, "Mutane sun riga sun gaya maka inda suke so. Kai dai ka share, ka dawo ka duba."

Muka sake dashe bisa sawu. Layin ya karkace, ya rabu biyu, ya sake haɗuwa. Da baturen ya dawo ya daɗe yana duban takardarsa yana duban fili, sannan ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce ni na yi tunani. Baba Nomau yana tsaye a bayana da gora a kafaɗa. Ba ya jin Faransanci, amma ya gane, domin da muka kaɗaita ya ce, "Ka faɗa mishi da kyau dai ko?" Wannan ƙarya ita ce harsashin arzikina, kuma yau na mayar wa mai abu abinsa a gaban jama'a.

Baturen nan ne ya nuna mini wani littafi mai hotuna. Ya ce a ƙasarsu akwai babbar makaranta inda ake shekaru ana koyon wannan aiki kaɗai: ina hanya za ta bi, ina itace zai tsaya, ina ruwa zai gangara. Wanda ya fito, wani gwamnati ta ɗauke shi ya tsara birni, wani ya tsara gidajen masu hali, wani ya koyar, wani ma maƙabarta yake tsarawa. Abin ya tsaya mini a rai, don karatuna bai kai can ba. Na kai wa Baba labari ina tsammanin zai yi dariya. Sai ya ajiye gora ya zauna. Ya tambaye ni shekara nawa suke yi. Ya tambaya ko ƙasarsu na riƙe sawu kamar tamu, in kuwa dutse ce, mi suke dubawa? Ya tambaya wa ke ba itacen ruwa bayan mai takarda ya tafi. Ban iya amsa ko ɗaya ba. Da na ambaci masu tsara maƙabarta sai ya ce, "Waɗannan su na so in gani."

A damina ta biyu ne ya yanko reshen ceɗiya ya kafa shi can gabas da kasuwa, shi kaɗai, a wurin da na gani da idona shatin sabara ya kwana uku ba ƙafar da ta taɓa shi. Ya yi rani biyu yana kai masa ruwa daga tafki. Na ce, "Baba, ka karya dokarka, nan babu sawu." Ya ce akwai. Bayan na bar aikin bature na shiga sayen gyaɗa, na yi shekaru a Maraɗi, na dawo na gina magaza a kusa da ita. Watan jiya na same shi a garka na ce, "Ko ka gaya mini amfaninta, ko in sare." Ya ce, "In na faɗa da baki, ka ce hirar tsoho ce. Kai, in an yi rasuwa, ina kake tsayawa?" Na ɗauka tsufa ne ya sa ya saki zance. Ni dai nakan hau kekena in bi ta hanyar mota, in riga kowa isa maƙabarta, in tsaya tare da manya.

Ranar Talatar nan ban hau keke ba. Bayan an yi masa salla a ƙofar masallaci, Tanimu ya kama hannuna ya ɗora a kan makara. Ban taɓa ɗauka ba. Baba Nomau ba shi da jiki, amma rairayin azahar na cin tafin ƙafa, itacen makara na cin kafaɗa. Muka wuce kasuwa. Ina jin kunyar in ce a karɓe ni. Daidai lokacin da na san ba zan ƙara taku goma ba, sai inuwa ta rufe mu, masu ɗauka suka tsaya cak ba wanda ya ce a tsaya. Wasu kafaɗu suka shigo, namu suka fita. Tsofaffin da ba su iya ƙarasawa suka zauna a kan saiwoyi suna addu'a. Na ɗaga kai, ceɗiya ce. Ga bangon magazata.

Na ce wa Tanimu, "Kun san da wannan?" Ya ce, "Kowa ya sani. Nan kahwaɗa ka mutuwa tun kakanni, da can cikin rana aka sauyi." Na ce don me ba wanda ya gaya mini? Ya ce, "Wa ka gaya ma mai magaza? Ba ka ga masu gatarinka kullum gatari na wurin maƙeri ba?"

Kamiyo zai riƙa juyawa ta kudu, ko da zai ci bangona. Ɗana Mamman yana lakwal a Yamai, kuma na yi niyya, in Allah Ya yarda, sai ya kai makarantar nan ta littafin bature, ya dawo mini da amsar tambayoyi ukun da na kasa. Amma kafin ya tafi zai ja sabara a kasuwa, zai kuma sa kafaɗa a makara.

Ya Allah, bawanka Nomau ya tanadar wa gawar mutane da masu ɗaukarta inuwa, bai nemi a san shi ya yi ba. Ka sa shi a inuwarka ranar da babu wata sai ita. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa kowane ganye na abin da ya dasa ya zame masa sadaka mai gudana. Ka ba matarsa Inna Hajo da 'ya'yansa da Tanimu haƙurin rashinsa, Ka rufa musu asiri, Ka raya garkarsa a hannunsu. Mu kuma da za a tsaya da mu a gindin ceɗiyar nan wata rana, Ka sa mu cika da imani. Amin.