Wayar da Labaran Bai Ɗaura Ba

Ina ƙarƙashin wata bas a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gareji, ina kwance birki, Sakinatu matar Labaran ta aiko a ce min ya cika da hantsi. Na daɗe a kwance a wurin, na kasa fitowa.

Labaran abokina ne tun muna cirar auduga a Jazira. Da muka zo birni ni na kama kanikanci, shi ya buɗe ɗan shagon gyaran rediyo a Suk al-Arabi. Amma ransa yana kan faifan garmaho. Mahaifinsa ya bar masa guda sittin, waƙoƙin gida da mahajjata suka zo da su. Da hannunsa ya haɗa wani ɗan akwati da ke shiga tsakanin allura da lasifika, yana ɗaga siririyar muryar faifai har ka ji mawaƙi yana jan numfashi. Yakan ce irin wannan akwati ba na kowa ba ne, sai mai zama ya yi shiru.

Shekara uku da hawan soja mulki, maƙwabcinsa Jibrin ya kai ƙararsa cewa yana tara maza suna jin kiɗa, abin da hukuma ta hana. Masu kaki suka zo gidansa a unguwar Dar Salam da rana tsaka, suka tattake faifan nan ɗaya bayan ɗaya, Jibrin na tsaye a bakin ƙofa. Labaran bai yi kuka ba. Ya share ɓaraguzan, ya zuba a buhu, ya ajiye.

Jibrin ya samu kwangila, ya gina bene. Da tara tsoffin faifai ya zama abin manya, ɗansa ya kawo masa irin akwatin nan daga waje, mai tsadar mota. Suna kunnawa sai gurnani kamar injin niƙa. Masu gyaran yanzu kaset kawai suka sani. Dole Jibrin ya aika wa Labaran.

Labaran ya je, ya sha shayinsa, ya leƙa bayan na'urar. Wayar ƙasa ce 'yar siririya, wadda ke kashe gurnanin, ke lilo, ba a ɗaura ta ba. Aikin minti ɗaya.

"Usta, gwanin gyara, me ka gani?" in ji Jibrin.

"Ciwon yana da zurfi, Alhaji. Zan yi tunani."

Shekara bakwai yana tunanin nan. Duk sallah Jibrin zai aiko da rago, Labaran ya mayar.

Ranar Juma'ar ƙarshe na same shi a kan tabarma, ƙirjinsa na ƙara. Na ce masa ko zai yafe wa Jibrin, tunda tafiya ta matso.

"Na yafe masa tsakanina da Allah," ya ce. "Amma waƙa ba zai ji ba. Idirisu, kai kaɗai na gaya wa zancen wayar nan. Zai zo ta'aziyya, zai tambaye ka."

Na riƙe hannunsa, ya yi sanyi.

"Me zan ce masa, ɗan'uwana?"

"Ka ce kai ma za ka yi tunani."

"Har in mutu," na ce.