Gaisuwar da Ban Taɓa Aikawa Ba

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, da misalin ƙarfe goma na safe, matarka ta kira ni ta ce ka yanke jiki ka faɗi a shagonka na gyaran keke. Kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa. Yaya, har yau ban san inda zan sa kaina ba.

Ka san halin gidanmu. Ba ma zagi, ba ma duka, gaba muke yi. Kakanmu ya mutu bayan ya shekara goma sha huɗu bai yi wa Baba magana ba. Ni da Baba kuma shekararmu tara ke nan, tun ranar da na bar aikin da ya samo mini ya ce ba shi ya haife ni ba.

Kai kaɗai ka ƙi wannan gado. Kowace Lahadi in an tashi daga coci sai ka biyo ta gidana, farcenka duk baƙin mai, ka zauna a kujerar nan mai rawar ƙafa ka ce, "Ƙanwata, Baba na gaishe ki, ya ce ya ciwon bayan?" In taɓe baki, amma kana fita sai in shige ɗaki in sha kuka. Sau nawa ka tuna mini cewa Yesu ya roƙa wa masu buga masa ƙusa gafara tun ba su nema ba? In ce, "Fasto marar albashi, sha ruwanka ka kama hanya." Sai ka ƙyalƙyale da dariya.

A barandar asibiti matarka ta faɗa mini gaskiya. Ashe Baba bai taɓa aiko ka ba. Ashe kuma duk mako kana kai masa tawa gaisuwar, wadda ban taɓa bayarwa ba, har da sabulu da man shafawa da sunana. Ta ce kakan durƙusa ka roƙi Allah gafarar ƙaryar, ka roƙe shi ya mai da ita gaskiya.

Ba ta zama gaskiya ba, Yaya. A bakin kabarinka ni da Baba mun tsaya dab da juna, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Ga babbar 'yata, wata biyu ba ta ɗaga wayata, ni ma na daina kira. Na san jinin Almasihu ya isa ya karya wannan abu. Kaina ya sani, zuciyar ce ta ƙi, kuma ina jin tsoro.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutawa a wurinsa, kada ya kama ka da ƙaryar da muka sa ka yi. Ya ta'azantar da matarka da 'ya'yanka uku, ya raba su da halinmu.

Saura mutum ɗaya, kuma ba ni da wanda zan aika. Baba, idan wani ya karanta maka wannan, sannu da rashi. Wannan karon da gaske ni ce.