Maganarsa a Sama, Tawa a Ƙasa

Ina ɗaura takalmi zan fita aiki da safen nan saƙo ya shigo daga Kaduna: Malam Isiyaku ya rasu. Za a kai shi bayan azahar, ni kuma ina ƙasar mutane.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ne shugaban sashenmu lokacin da nake aikin gwamnati. Waɗanda suka san ni sun san ba mu rabu lafiya ba, ba kuma zan ɓoye wannan yau ba.

Satina na farko a ofis, Darakta ya turo imel mai tambaya uku. Na rubuta "To, ranka ya daɗe" a can sama, na bar dogon saƙonsa yana reto a ƙasa. Malam ya buga shi a takarda ya zo teburina.

"Kai Bashir, a gidanku wa'alaikumus salam ake fara cewa kafin a yi sallama?"

Ya jawo kujera ya nuna min. Ka ɗauko tambayar mutum ka sa a sama, amsarka a ƙarƙashinta. Ta biyu ma haka. Abin da bai shafi amsa ba, ka share. Sai ya ɗaga yatsa: "Amma kada ka yanke maganar mutum a inda ya yi maka daɗi. Wannan shaidar zur ce."

Shekara biyu yana rage min hanya har Mando, alhali gidansa a Kurmin Mashi yake.

Da Baba ya kwanta asibiti, Malam ya sa hannu a takardar hutuna bai ko karanta ba.

Sai lokacin ƙarin girma ya zo, aka tsallake ni. Na ga abin da Malam ya rubuta wa Darakta a kaina. Na ajiye aiki, na bar ƙasar. Shekara bakwai ke nan ina lodin kwali a cikin sanyi, kuma duk wanda ya tambaye ni dalili, layi ɗaya nake karanta masa: "Bashir bai isa riƙe wannan kujera ba."

Da yawanku kun ji wannan layin daga bakina. Wasu sun daina gaishe shi saboda ni.

Ga yadda ya rubuta: "Bashir bai isa riƙe wannan kujera ba tukuna. A ba ni shekara ɗaya da shi, zai fi ni."

Ni na yanke. Na san abin da nake yi.

Har yanzu ina ganin da ya kira ni ya faɗa min da baki, da ban tafi ba. Wannan nasa ne. Yankan nawa ne.

Bara da na zo Sallah muka haɗu a ƙofar masallaci. Ya rame. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. "Imel ɗinka na nan, ko shi ma ya yi hijira?" Na ce yana nan. Bayan kwana biyu saƙonsa ya shigo, layi uku, ya bar fili a ƙarƙashin kowanne. Na karanta, na ce sai na huce.

Tunda babu mai buɗe akwatin imel ɗinsa yanzu, bari in amsa a nan, yadda ya koya min.

"Kana cin abinci sosai a can?"

Ba sosai ba, Malam.

"Yaushe za ka dawo gida gaba ɗaya?"

Ban sani ba.

"In na ɓata maka, ka yafe min."

Na yafe, Malam, duniya da lahira. Tawa tambayar, ko kai ka yafe min, ita ce ba ta da mai rubutu a ƙarƙashinta.

Allah Ya gafarta wa Malam Isiyaku, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya da yara haƙuri. Duk wanda ya taɓa jin rabin layin nan daga gare ni, ga cikonsa, ya kai wa wanda ya faɗa wa. Ku sa shi a addu'a, don Allah. In da saura, ku sa ni.