Kawu da Idon Sawuna

Jiya na taka buhun dawa zan ɗauko ƙwarya, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Shekarar ƙarshe ta golmona, noman da saurayi ke wa surukai, idon sawuna ya yi targaɗe sau uku. Har an fara cewa gurgu ba ya riƙe mata. Kawu, tsohon soja, yakan murza mini man kaɗanya mai ɗumi, ya tsayar da ni da ƙafa ɗaya bisa buhu, dawa na zamewa ƙarƙashina.

"Kawu, zan faɗi!"

"Faɗi mana, ina nan. Ƙafar ce ta tsorata, lallashinta muke."

Na gama damina ban gurɗe ba, aka ba ni Ladi. Allah ya tallabe shi yadda ya tallabe ni.